HP, Dell, Lenovo ko Apple: Wacce Ta Ci Kuɗinta, Kuma Tallar Wa Za a Gaskata?

Tambaya: Ina son sayen laftof don aikin ofis da karatu. Na zaga shaguna na ga HP da Dell da Lenovo, kowacce an rubuta mata Core i5, RAM 8GB, SSD 256GB, amma farashin wata ya kusa ninka na wata. MacBook kuma ta fi su duka tsada. Wane kamfani ne ya fi inganci, kuma wanne ne ba ya yaudara a tallarsa?

Amsa: Malam, a cikin duk abin da aka rubuta a jikin kwalin, sunan kamfani ne ya fi ƙarancin gaya maka abin da za ka saya. Mafi yawan laftof ɗin duniya ba masu sunan ne ke haɗa su da hannunsu ba. Kamfanonin ƙasar Taiwan irin su Quanta, Compal, Wistron, Inventec da Pegatron ne ke ƙera su bisa kwangila, kuma masana'anta guda kan yi wa kamfanoni biyu ko uku masu gasa da juna aiki. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, daga Intel ko AMD take fitowa, RAM daga Samsung ko SK Hynix ko Micron, sikirin daga BOE ko AUO ko LG ko Innolux. Abin da HP ko Dell ko Lenovo ke yankewa shi ne nawa za a kashe a kan jiki, sikirin, batir da hanyar fitar da zafi. A nan ne farashi ke rabuwa, kuma a nan ne takardar talla ke yin shiru.

Kowane kamfani yana da aji-aji. A wajen HP, jerin 250 da 255 da HP 15 da Pavilion na gida ne masu sauƙin kuɗi, ProBook na tsakiya, EliteBook na manyan ma'aikatu, ZBook na injiniyoyi. A wajen Dell, Inspiron na gida, Vostro na ƙananan 'yan kasuwa, Latitude na ma'aikatu, Precision na aiki mai nauyi. A farkon 2025 kamfanin ya sauya wa sababbin kayansa suna zuwa Dell, Dell Pro da Dell Pro Max, amma tsofaffin sunayen ne suka cika kasuwa. A wajen Lenovo, IdeaPad da jerin V na ƙasa, ThinkBook na tsakiya, sai ThinkPad da ya gada daga IBM lokacin da ya sayi sashen kwamfutocinta a 2005. ThinkPad ɗin ma ba ɗaya ba ne: E ta fi araha, L na biye, T da X su ne na ainihi, P ta masu zane da lissafi mai nauyi. Saboda haka EliteBook ta fi kusa da Latitude da ThinkPad T nesa ba kusa ba fiye da kusancinta da HP 250, duk da cewa tambari ɗaya ne a murfinsu. Wanda ya ce maka "HP ta fi Dell" bai ce komai ba tukuna sai ya faɗi wace HP da wace Dell.

Me ƙarin kuɗin ajin ma'aikatu ke saya? Da farko jiki. A laftof mai araha, hinjin da ke riƙe murfi ana ɗaure shi ne da sukuru a cikin wasu 'yan zobban tagulla da aka dasa a roba. Idan hinjin ya yi tauri saboda ƙura, kowace buɗewa tana fizgar zobban, robar ta tsage, murfi ya fara ɗagowa daga gefe, daga nan wayar sikirin da ke bi ta cikin hinjin ta tsinke. Wannan ita ce cutar da ta fi kai ƙananan laftof wurin mai gyara, kuma ba ta da alaƙa da i5 ko i7. A EliteBook 840 da Latitude jerin 7000 da ThinkPad T, wurin ɗaurin ya fi ƙarfi domin ana amfani da alminiyam ko magnesiyam ko roba mai haɗin zare. Sai kibod da ke jure 'yar zubar ruwa, da ramukan caji da USB da aka ƙarfafa. Abu na ƙarshe, wanda ya fi shafar mai saye a Kano ko Kaduna ko Zinder, shi ne kayan gyara. Ma'aikatun Turai da Amurka kan sayi irin waɗannan dubbai a lokaci guda, su sauya su bayan shekara uku zuwa biyar, su kwararo kasuwanninmu a matsayin tokumbo. Shi ya sa batir, kibod, sikirin da bod (babban allon da kayan cikin kwamfuta ke jone a kansa) na EliteBook da Latitude ba sa wuyar samu a titin Beirut da Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Acer da Asus kan ba ka kayan ciki masu ƙarfi a farashi mai rangwame, ba laifi, amma ranar da bod ko murfi ya lalace za ka fi shan yawo kafin ka samu.

Yanzu mu zo ga "Core i5" ɗin da ka gani a kan duka ukun. Wannan suna ne na dangi, ba na firosesa guda ba; Intel na amfani da shi tun 2009. Cikakkiyar lamba ake dubawa. A i5-8250U, lambar farko, 8, ita ce janareshan, wato zubin ƙira na nawa ce. Harafin ƙarshe kuma yana nuna yawan wutar da aka tsara mata. U ta mai tsimin batir ce, kusan wat 15, H kuma mai ƙarfi ce, kusan wat 45. Ga misalin da ke cin kuɗin mutane kullum: i7-7500U tana da cibiyoyin lissafi biyu kacal, i5-8250U kuma huɗu gare ta. A aikin da ke amfani da cibiyoyi da yawa, i5 ɗin tana barin i7 ɗin a baya da tazara, amma a shago i7 ce ake ɗora wa kuɗi saboda sitika. Ƙari a kan haka, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son janareshan na 8 zuwa sama a ɓangaren Intel, ko Ryzen 3000 zuwa sama a laftof ɗin AMD, tare da ƙwayar tsaro ta TPM 2.0. Ana iya tursasa Windows 11 a kan tsohuwa, masu gyara na yi, sai dai Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da turo mata sabuntawa ba. Duk laftof ɗin janareshan na 6 ko na 7 ya kamata farashinta ya faɗi sosai saboda wannan, ko da an rubuta mata i7.

Sababbin sunaye sun ƙara dagula lissafin. AMD ta fitar da jerin Ryzen 7000 na laftof inda lamba ta uku ce ke nuna ainihin ƙirar: Ryzen 5 7520U ƙirar Zen 2 ce, wadda ta fito tun 2019, 7530U Zen 3 ce, 7540U Zen 4. Duka ukun "Ryzen 5 7000" ne a takardar talla. Intel ma tana da Core 5 120U, wadda tsohuwar ƙira ce da sabon suna, da Core Ultra 5 125U, wadda sabuwa ce. Kalma ɗaya ce ta raba su. Intel ta kuma ajiye sunayen Celeron da Pentium a laftof daga 2023, ta koma kiran su Intel Processor kawai, kamar N100. In ka ga an rubuta "Intel Inside" ko "Intel Processor" ba lamba, kusan kullum ƙaramar ce ake ɓoyewa. Ba ƙarya aka yi maka ba, an dai bar ka ka yi wa kanka.

Haka adadin gudun da ake rubutawa, "har zuwa 4.4GHz". Wannan gudun tsalle ne da firosesa ke kaiwa na ɗan lokaci kafin zafi ya tilasta mata ta sauka. Laftof biyu masu firosesa iri ɗaya na iya bambanta sosai a aiki mai tsawo, domin ɗaya tana da bututun fitar da zafi mai kauri da fanka babba, ɗaya kuma siriri. A ɗakin da zafinsa ya haura digiri 35 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iska tun watannin baya, wannan bambancin yana fitowa fili fiye da yadda yake fitowa a ɗakin gwaji mai na'urar sanyi.

RAM 8GB ma iri-iri ce. Tambaya ta farko: a rami take ko an like ta da dalma a jikin bod? ThinkPad T480, EliteBook 840 G5 da Latitude 5490 duk suna da ramuka biyu, za ka iya ƙarawa duk ranar da ka samu kuɗi. T490 da T480s suna da ɗaya a like, rami ɗaya a buɗe. X1 Carbon da dukkan MacBook na yanzu a like suke gaba ɗaya. Abin da ka saya shi ne naka har kwamfutar ta mutu. Tambaya ta biyu: sanda ɗaya ce ko biyu? Sanda biyu masu 4GB ko 8GB suna ba da hanya biyu ta wucewar bayanai, abin da ke taimaka wa girafik ɗin da ke cikin firosesa ƙwarai. Girafik ɗin Iris Xe na Intel ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai da hanya biyu. Da sanda ɗaya yana aiki ne a matsayin UHD, wanda bai kai shi ƙarfi ba, alhali sitikar Iris Xe na nan a jiki. Don aikin ofis na yau, 8GB ita ce ƙasa, 16GB ce ke ba da natsuwa, 4GB a like kuwa asarar kuɗi ce ko nawa aka rage maka.

Ma'ajiya ba sai an daɗe a kanta ba. Tsohon faifai mai juyawa, HDD, yana karanta kusan megabait 100 a daƙiƙa, SSD na SATA kusan 550, NVMe na PCIe 3.0 yana iya kaiwa 3,500. Ka guji eMMC mai 32GB ko 64GB da ake sa wa ƙananan laftof, domin a like take, ga ta da jinkiri, Windows kaɗai ta kusa cinye ta. Wasu masu shago suna kiran ta SSD. In ka sayi 256GB ka ga Windows ta nuna 238, ko 512 ta nuna 476, ko 1TB ta nuna 931, ba a cuce ka ba: masu ƙerawa na ƙirga gigabait da dubu-dubu, Windows na ƙirgawa da 1,024.

Sikirin shi ne wurin da kamfanoni suka fi yanke kuɗi ba tare da mai saye ya lura ba, kuma kowane kamfani yana yi, har a cikin ajin ma'aikatu. Idan aka rubuta "HD" kawai, ana nufin 1366 × 768, wanda ya yi kaɗan ga mai aikin Excel; wanda kake so shi ne FHD, 1920 × 1080. Sai irin gilashin: TN yana wanke launi da zarar ka karkata kai, IPS ba ya yi. Sai haske, da ake aunawa da nit: 220 zuwa 250 ba ya wadatarwa kusa da taga da rana, 300 ya yi, 400 ya fi. Sai launi: in ka ga 45% NTSC, sikirin ne mai dushe launi wanda ba ya dacewa da mai zane ko mai gyaran hoto, 72% NTSC ko 100% sRGB ne cikakke. Samfuri guda, misali EliteBook 840 ko ThinkPad T14, yana fitowa da sikirin iri huɗu ko biyar. Hoton da ke cikin talla na mafi tsadan ne, farashin da aka rubuta a ƙasan hoton kuma na mafi arahan.

Batir kuwa lissafinsa a buɗe yake in ka ƙi kallon awoyin da aka yi alkawari. Ka nemi lambar Wh, wato yawan wutar da batirin ke ajiyewa. Yawancin HP masu araha batirinsu 41Wh ne. Laftof da ke buɗe Chrome da Word da Wi-Fi da haske mai kyau takan ci wat 7 zuwa 10. Ka raba 41 da 8, za ka samu awa biyar da ɗan kai. Kafin batirin nan ya kai awa goma da aka rubuta, sai kwamfutar ta ci wat 4 kacal, kuma hakan na faruwa ne a irin gwajin da kamfanoni suke so: bidiyon da ke ajiye a cikin kwamfuta, an rage haske, ba wani aiki a bayan fage. Duk wani "har zuwa awa kaza" na laftof ɗin Windows, ka ɗauki rabi zuwa kashi biyu cikin uku. A wannan fagen dole a yaba wa Apple: tun fitowar firosesar M1 a Nuwamba 2020, abin da MacBook Air ke bayarwa a aikin yau da kullum ya fi kusa da abin da aka yi alkawari, domin injin ba ya cin wuta. Ga wanda ke zaune inda wutar NEPA ke zuwa ta tafi ba sallama, ko mai ƙaramar sola, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai son wasanni ko aikin bidiyo yana da nasa tarkon. Ƙwayar girafik ta Nvidia mai suna RTX 4060 ta laftof ana iya saita ta daga wat 35 har 115, sunan bai canza ba, aikin kuwa ya bambanta sosai; in kamfani bai rubuta adadin wat ba, ka zargi ƙasa. RTX 4090 ta laftof ma ba ƙwayar 4090 ta tebur ba ce, ƙwayar da ke cikin 4080 ta tebur ce. A shagunanmu kuma akwai masu nuna maka "8GB girafik" a allon Task Manager, alhali rabin RAM ɗinka ne da Windows ke ba girafik aro. Layin da ke nuna ƙwaƙwalwar da aka keɓe wa girafik shi kaɗai ne abin dubawa.

Sauran tambura biyu da ke yawo a talla. "An gwada ta bisa ƙa'idar sojan Amurka, MIL-STD-810": babu wata hukumar soja da ke ba laftof ɗin kasuwa wannan shaida, kamfani ne ke zaɓar gwaje-gwajen da yake so daga cikin kundin, ya yi ko ya sa a yi masa. Ba banza ba ne, amma ba garanti ba ne. Ka yar da ita ta fashe ka gani ko za a canza maka. Sai "AI PC": ma'aunin da Microsoft ta sa wa Copilot+ a 2024 shi ne NPU, wato sashen da ke gudanar da aikin AI, mai gudun TOPS 40, RAM 16GB da ma'ajiya 256GB. Laftof da yawa masu tambarin AI ba su kai wannan ba, kuma mai Word da Excel da Zoom ba zai ji bambanci ba ko sun kai.

Ka tambayi wanda ba ya yaudara. Kowane gauta ja ne, kuma kotuna sun nuna haka. Daga ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015 Lenovo ta riƙa saka wata manhajar talla mai suna Superfish a laftof ɗinta na gida, wadda ke kutsawa tsakanin mai amfani da shafukan da ke da kariya, har ta buɗe ƙofar da ɓarayin intanet za su iya bi. A 2017 ta yi sulhu da FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka, ta kuma biya jihohi 32 dala miliyan 3.5. Abin lura: ba a sa Superfish a ThinkPad ba, masu sayen na gida aka yi wa. A 2023 kotun tarayya ta Ostireliya ta ci tarar Dell dalar ƙasar miliyan 10 saboda rangwamen bogi a kan sikirin ɗin tebur da ake tallata wa mai sayen kwamfuta: a soke wani farashi mai tsada da layi, a rubuta farashin rangwame a gefe, alhali a wasu lokutan mai saye ya biya fiye da yadda zai biya da ya sayi sikirin ɗin shi kaɗai. A ƙasar dai, a 2013, an ci tarar HP dalar ƙasar miliyan 3 kan ɓatar da masu saye game da haƙƙinsu na garanti. Masu ƙera kayan ciki ma ba su tsira ba. Nvidia ta tallata katin girafik na GTX 970 da 4GB, ashe rabin gigabait na ƙarshe yana tafiya da jinkiri. A 2016 ta amince ta biya kowane mai saye a Amurka dala 30. AMD ta biya dala miliyan 12.1 a 2019 kan firosesocin FX da ta ce cibiyoyi takwas gare su, alhali kowane biyu suna raba wasu sassa.

Apple fa? Tun 2003 hukumar kula da talabijin ta Birtaniya ta hana tallar Power Mac G5 da ke cewa ita ce kwamfutar mutum ɗaya mafi gudu a duniya. Daga 2015 zuwa 2019 kamfanin ya sayar da MacBook masu wani siririn kibod da ƙwayar ƙura guda ke iya kashe masa harafi, ya ɗauki shekaru kafin ya janye shi, a 2022 ya amince da biyan dala miliyan 50. A ƙarshen 2023 wani babban jami'in tallarsa ya ce 8GB a MacBook Pro mai M3 daidai take da 16GB a sauran kwamfutoci. Bayan shekara guda kamfanin da kansa ya mayar da 16GB mafi ƙaranci. MacBook Air mai M2 da 256GB ta fito a 2022 da ma'ajiya mai jinkiri fiye da ta M1 da ta gada, ba a kuma faɗa a talla ba. A ganina Apple ta fi sauran faɗin gaskiya a kan batir da sikirin, ta kuma fi su tsawwalawa a kan RAM da ma'ajiya: shekaru tana karɓar dala 200 a kan ƙarin 8GB, domin ta san ba za ka iya ƙarawa a waje ba. Kafin ka biya kuɗinta ka tabbatar manhajojinka na aiki a kanta. Revit, SolidWorks da ArcGIS Pro ba su da na macOS. Ka kuma nisanci MacBook mai firosesar Intel sai in an karya farashinta sosai, domin macOS 26 ce ta ƙarshe da ke karɓar wasu daga cikinsu.

To ina daraja take? Ka lissafa kuɗin shekara, ba kuɗin ranar saye ba. A matsayin misali kawai: a ce ka sayi ta naira 450,000, ta yi shekara uku, ka kashe 60,000 a hinji da batir, kowace shekara ta ci maka 170,000. Wata ta 600,000 da ta yi shekara biyar ba gyara ta ci 120,000 a shekara, ga shi za ta sayu in ka gaji da ita. Bisa wannan, ga aikin da ka ambata, hukuncina shi ne: in kuɗin ba su da yawa, tokumbo mai tsabta daga ajin ma'aikatu, janareshan na 8 zuwa sama, FHD IPS, RAM 16GB ko mai ramin ƙari, ta fi sabuwar Celeron ko ƙaramar i3 mai jikin roba da kuɗinsu ya zo ɗaya. Tsakanin EliteBook, Latitude da ThinkPad T na shekara guda, ka ɗauki wadda ta fi lafiya da araha a gabanka. ThinkPad ta fi daɗin kibod, HP da Dell sun fi sauƙin kayan gyara a nan. In sabuwa kake so da garanti, ProBook, Latitude jerin 3000 ko 5000, ko ThinkPad E ko L sun fi Pavilion da Inspiron da IdeaPad dacewa da mai ɗaukar kwamfuta a jaka kullum. MacBook Air tana cin kuɗinta ne ga wanda batir da rashin nauyi suka fi damu, wanda kuma ke kusa da mai gyaran da ya san ta.

Tokumbo kuma ba a sayen ta da ido. Kada ka tsaya ga sitika ko shafin bayanin kwamfuta na Windows, domin ana iya sauya sunan firosesa da ke fitowa a can ta hanyar taɓa rajistar Windows. Ka kashe ta, ka kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi: danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. A nan za ka ga ainihin firosesa, RAM da lambar siriyal. In ta nemi kalmar sirri kafin ka shiga ko ka sauya wani abu, ajiye ta, domin a sababbin samfura cire wannan makulli aikin bod ne. Ka kwatanta siriyal ɗin BIOS da wanda ke ƙasan kwamfutar. In sun saɓa, an canza bod ko murfi. Ka sa lambar a shafin tallafi na kamfanin ta wayarka. Dell na amfani da lamba mai haruffa bakwai da ake kira Service Tag, kuma shafinta na nuna kayan da kwamfutar ta fito da su da lokacin da garantinta ya fara. Sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka kwatanta ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda yake ɗauka yanzu. Ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, ka cire kuɗin sabon batir daga ciniki. In wurin taɓawa na linzami ya kumbura ko ƙasan kwamfutar ba ya zama daidai a tebur, batir ne ya kumbura. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyar SSD da awoyin da ya yi yana aiki. Ka buɗe farin shafi da baƙin shafi a cikakken sikirin don ganin tabo, ka danna kowane harafi, ka gwada kowane rami, kyamara da lasifika, ka bar bidiyo yana tafiya minti goma sha biyar ka saurari fanka. Dell na da gwajin kanta ta F12, HP ta F2.

Akwai makullin da ba ya bayyana sai ka isa gida. Kwamfutocin ma'aikatu da yawa an yi musu rajista da tsarin kula na kamfanin da ya mallake su. Mai shago zai iya sa Windows ba tare da intanet ba, komai ya tafi daidai, ranar da ka sake sa Windows ka haɗa da intanet sai ta nemi ka shiga da asusun wata ma'aikata a Ingila. MacBook ma haka, ga kuma makullin iCloud na tsohon mai ita. Maganinsa ɗaya: a goge ta a gabanka, a haɗa da intanet, a bi matakan farko har ta buɗe.

Caja ma ka duba ta kamar yadda ka duba kwamfutar. Cajar Dell da ta HP mai zagayen baki suna da siririyar allura a tsakiya wadda ke gaya wa kwamfuta ƙarfin cajar. In cajar jabu ce ko allurar ta karye, Dell takan rubuta cewa ba ta gane cajar ba, ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun firosesa, mai ita ya yi ta zargin kamfani. A BIOS na Dell akwai layin da ke nuna wat ɗin cajar da aka jona. Ya nuna 65W ko abin da ya dace da samfurin. In sabuwa ce a kwali, ka tambaya ko da Windows ta asali ta zo, domin yawancin masu arahan da FreeDOS suke fitowa, wato ba Windows a ciki, a shago ake ɗora musu kwafin da ba shi da lasisi. Ka kuma duba garantin a shafin kamfani kafin ka biya: wadda aka shigo da ita daga Dubai ko Amurka ta bayan fage sau da yawa garantinta na can ne, wani lokaci ma ya riga ya fara ƙirga watanni tun tana sito. A rasit a rubuta cikakken samfuri, lambar firosesa, girman RAM da SSD, lambar siriyal, da adadin kwanakin da mai shago ya yarda zai karɓa ko ya canza in matsala ta fito.